Bindigogin Baba Isuhu

Cikin shekaru goma sha ɗaya da na yi ina aikin tura kaya a Guangzhou ta ƙasar China, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da na yanka igiyar wani kwali a sitonmu, na ɗaga agogunan bango guda shida, na iske akwatin katako a ƙarƙashinsu. A shekarar wasannin Olamfik ne, 2008, ana gama babban baje kolin bazara da ake yi a unguwar Pazhou. Ina ba ku labarin ne ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, domin a cikinsa akwai abin da na yi daidai, akwai kuma abin da har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Bari in fara da yadda aikin yake a lokacin, saboda waɗanda ba su san shi ba. Ofishinmu ɗaki biyu ne a hawa na tara na wani dogon bene a Xiaobei, sito kuma yana bayan gari, tafiyar kusan awa ɗaya a mota. Mai ofishin shi ne Alhaji Nasiru, mutumin Kano, muna ce masa Oga. A ƙarƙashinsa sai ni, mai duba kaya. Sito yana hannun wata 'yar China da muke kira Madam Lin. Da sunanta aka yi rajistar wurin, ita ke shugabantar 'yan dako, ita ce kuma ke hulɗa da ejan ɗin da ke shigar da takardunmu kwastan. Yawancin mutanenmu ba su da kayan da za su cika kwantena su kaɗai, sai a haɗa mutum ashirin ko talatin a guda ɗaya. Ɗan kasuwa ya sayi kayansa a Baima ko wata kasuwa, mai shago ya kawo sito, ni kuma in auna kwalayen, in sa musu lamba, in rubuta abin da ke ciki a takardar jerin kaya. Abin da na rubuta shi ejan zai faɗa wa kwastan. Idan aka buɗe kwantena aka ga abin da ba ya cikin takarda, ba kayan mai kwalin kaɗai ake riƙewa ba, na kowa ne zai tsaya. Sunan da ke ƙasan takardar kuma nawa ne.

A da, gaskiya, ba kowane kwali muke buɗewa ba. Wanda muka daɗe tare, abin da ya faɗa shi muke rubutawa. Amma a shekarar nan komai ya tsananta. Biza ta yi wuya, ana yawan tambayar fasfo a bakin benaye, kwantena kuwa da wuya ta wuce ba a buɗe ta ba. Shi kansa Oga ya tafi gida sabunta bizarsa, ya maƙale a Kano. Kafin ya tafi ya ce mini, "Habibu, kowane kwali ka buɗe shi da hannunka, ko nawa ne."

Baba Isuhu mutumin Maraɗi ne, ya haura saba'in a lokacin. Kwanukan silba da tukwane da fitilu yake saye. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kullum da 'yar jakar fata a hamata. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake hulɗa da ofishinmu, kuma ban taɓa samun ko cokali ɗaya da ya saɓa wa abin da ya faɗa ba. Idan ya zo yakan kawo mini kilishi, ya tambayi mahaifiyata da suna. A wannan zuwan kwalinsa arba'in da ɗaya ne. A jikin ɗaya daga ciki an rubuta kayan adon bango.

Da misalin ƙarfe goma na safe na zo kan wannan kwalin. Washegari za mu loda kwantena. Na ciro akwatin katakon, na buɗe makullansa biyu na tagulla, sai ga ƙananan bindigogi guda biyu kwance a kan jan ƙyalle, kan ɗaya yana kallon gindin ɗayar. Ba irin na 'yan sanda ba ne. Irin na mutanen da ne, masu ƙotar katako lanƙwasasshiya da hular tagulla a gindi, da wani ɗan ƙarfe a gefe mai kama da kan zakara, ya cije ɗan dutse a baki. Sun yi kyau ƙwarai, wannan ba zan ɓoye ba. Amma a lokacin ba kyan nake gani ba.

'Yan dako biyu da ke kusa da ni suka ja da baya. Ɗaya ya kira Madam Lin. Da ta leƙa akwatin sai fuskarta ta sauya, ta rufe shi da kanta, ta ja ni ofishinta. Turancinta kaɗan ne, nawa Sinancin ma haka, amma mun fahimci juna sarai. A ƙasar nan ba bindiga kaɗai doka ta hana ba, har abin da ya yi kama da ita. Ta ce idan aka ga wannan a sitonta a irin wannan shekara za a rufe wurin, ita ta san inda za ta kwana, ni kuma a sa ni a jirgi. Ta ce 'yan dako sun riga sun gani, maganar ba za ta ɓoyu ba. Ta ɗauki waya za ta kira 'yan sanda.

Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarfe biyar in nemo mai kayan. Sai ta saka akwatin a kabad ɗinta na ƙarfe, ta kulle, ta nuna mini agogo.

A mota na kira Oga. Ya saurare ni har na gama.

"Isuhun Maraɗi?" ya ce. "Ka tabbata kwalinsa ne?"

"Lambarsa ce, ranka ya daɗe, kuma rubutunsa ne."

"To ka ji. Kayan mutum ashirin da shida ne a kwantenar nan, wasu da su za su yi cinikin azumi. Abin nan kada ya kwana a sito. Yadda za ku yi, ku yi bisa doka. Shi kuma ka gaya masa daga yau mun rabu."

Na san inda zan same shi. Bayan azahar 'yan kasuwarmu sukan taru a wani gidan abinci da ke bayan benenmu. Na shiga da zafina. Yana zaune a teburin tsakiya da mutum biyar ko shida, kusan dukkansu suna da kaya a kwantenar. Ko sallamar kirki ban yi ba. Na tsaya a kansa na ce, "Baba, ashe bindigogi kake ɓoye mana a cikin kaya? Da girmanka? So kake a ɗaure mu gaba ɗaya?"

Wani mai sayen takalma daga Kano ya ajiye cokalinsa ya ce, "Bindiga kamar yaya?" Na ce irin ta da, ta ado, guda biyu. Sai wani daga can gefe ya yi dariya ya ce ashe Baba wasan yara ya koma. Mai takalma bai yi dariya ba. Ya fara faɗa, yana cewa idan kayansa suka tsaya ya san wanda zai kama.

Baba Isuhu ya ture kwanonsa. Ya wanke hannunsa, ya ɗauki jakarsa, ya dube ni ya ce, "Malam Habibu, mu tahi waje." Bai taɓa kirana Malam ba, ɗana yake ce mini.

Muka hau tasi zuwa sito. Sai da muka hau babbar gada ya buɗe jakarsa ya miƙo mini rasit da wani ɗan littafin hotuna na masana'anta. A baje kolin ya gan su, a rumfar wasu masu yin kayan adon gidaje da ake kai wa Turai: takubba, sulke, fitilun jirgin ruwa. Samfur ne da aka kafa don nuni. A ranar ƙarshe ya roƙi mai tsaron rumfar ya sayar masa, shi kuma ya ce babu matsala, ado ne, a sa a cikin agoguna.

"Ba su tashi," ya ce. "Cikinsu toshe yake, kuma ba a huda ƙofar wuta ba. Na duba kahin in saya."

Na ce, "Baba, to me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, ka ɗauka?"

"A'a."

"To ka gani. Wannan laihina ne, ban musa ba."

Na yi zaton maganar ta ƙare, sai ya ci gaba, yana kallon waje ta taga. Mahaifinsa maƙeri ne a wani ƙauye gabas da Maraɗi, shi ke ƙera wa mafarautan yankin bindigar toka. Shi Isuhu ne babban ɗa, shi aka sa ran zai gaji maƙerar, amma yana da shekara goma sha bakwai ya bi fatake, bai sake riƙe guduma ba. Uban bai yi masa baki ba, bai kuma sake yi masa maganar ƙira ba har ya rasu. A duk rayuwar tsohon sau ɗaya ya taɓa ƙera ƙaramar bindigar hannu. Ba don sayarwa ya yi ta ba, don ya gwada ƙwarewarsa ne. Wata uku ya yi a kanta. Lokacin da ya rasu Isuhu yana Kwatano wajen kaya, kafin ya iso ƙannensa sun sayar da ita ga masu yawon sayen tsofaffin kaya.

"Tun daga nan nike neman irinta," ya ce. "Ta gaske ta hi ƙarhina, kuma ba ta samuwa. Sai na ji Turawa suna sake ƙera irin na da, sababbi, ga masu sha'awa. Yanzu ina da tara a gida, kowace da takardarta daga komsariya, wajen 'yan sandanmu. Huɗu suna tashi."

Na tambaye shi ko farauta yake yi da su. Ya yi ɗan murmushi, na farko tun da muka fito. Ya ce shi bai taɓa harbin ko kurciya ba. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan fita gonarsa tare da wani abokinsa, tsohon jandarma, su kafa murfin tukunya a jikin kututture, su ja baya taku goma sha biyar. Ya kwatanta mini da hannunsa yadda ake yi: a auna albarushi a zuba, a naɗe 'yar dalma a ƙyalle a tura ta da tsinken ƙarfe, a ɗan barbaɗa albarushi a ƙaramin kaskon da ke gefe, a ja kan zakaran nan baya. Idan aka taɓa kunama dutsen ya ƙyasta ƙarfe, wuta ta faɗa kaskon, ta bi 'yar ƙofar ta shiga ciki.

"Tsakanin walƙiyar da ƙarar akwai ɗan jira," ya ce, "bai kai ƙiftawar ido ba. Nan ne wanda bai saba ba ke motsa hannu. Wani lokaci ma ba ta tashi sam, sai ka gyara dutse ka sake. A yini guda in mun yi harbi goma mun gode Allah. Sai warin hayaƙin nan, ɗana. Warin rigar babana ke nan."

Ya ce 'ya'yansa suna ganin abin shirme ne, matarsa kuma ta ce ya girme wa wannan. Shi ya sa bai saba faɗa wa mutane ba. Waɗannan biyun kuwa, ko da ba su tashi, lanƙwasar ƙotarsu da hular tagullar su ne suka fi kama da ta mahaifinsa a duk abin da ya gani cikin shekara talatin.

Dariyar da aka yi masa a gidan abinci ta dawo mini, kuma ni na jawo ta.

A sito muka zauna mu uku da Madam Lin. Baba ya kawo shawarwari, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rushewa. Ya ce zai sa su a jakarsa ta jirgin sama, na ce a filin jirgi za a kama shi, kuma wannan ya fi muni. Ya ce a kwance su a raba a kwalaye daban-daban, na ce na'urar haska kaya tana gane bakin bindiga, kuma ranar da aka gane, rarrabawar ce za ta zama shaidar mun san abin da muke yi. Ni kaina na yi tunanin a jefa su a kogi, amma 'yan dako sun gani, kuma Oga ya ce bisa doka. Madam Lin ta kira lambar da ke jikin rasit ko za su karɓi kayansu. Wanda ya ɗauka ya ce samfur ba na sayarwa ba ne a cikin ƙasa, su ba su san da cinikin ba, ya kashe waya. Ta kira ejan ɗinmu. Ya ce hanya ɗaya ce: mu kai su da kanmu, da rasit, kafin a zo a same su.

Na fassara wa Baba. Ya tambaya, "Za su maido mini?"

Na ce, "Ba na zato, Baba."

Ya dubi kabad ɗin. Sannan ya ce, "Kayan mutane sun hi su. Mu tahi."

Ku lura da yadda Madam Lin ta yi, domin darasi ne. Da muka isa ofishin 'yan sandan unguwar ba ta bari mun shiga da akwatin ba. Ta bar mu a mota, ta shiga hannu rabbana, sai rasit da littafin hotunan, ta yi bayani. 'Yan sanda biyu suka fito, su suka ɗauki akwatin da hannunsu, sannan aka ce mu biyo su. Aka karɓi fasfo ɗinmu, aka zaunar da mu a wani ɗaki mai dogon tebur. Zan gaya muku gaskiya, na tsorata. Ina tuna matata da ke da tsohon ciki a Kano, da yadda aikin nan ne kaɗai abin da muke da shi.

Wani babban jami'i mai furfura ya shigo, ya sa safar hannu, ya ɗaga ɗaya. Ya haska tocila a bakinta, ya zura waya, ba ta shige tsawon yatsa ba ta tsaya. Ya juya ta, ya taɓa ɗan dutsen, ya yi tambaya. Madam Lin ta mayar mini da Turanci, ni na mayar wa Baba da Hausa: yana so ya san amfanin dutsen.

Baba ya miƙe. Ya nemi izini da hannu, jami'in ya gyaɗa kai. Bai ɗauki bindigar ba, da yatsa ya riƙa nunawa. Ya bi abin daki-daki kamar yadda ya yi mini a mota, yana tsayawa in fassara, Madam Lin ta fassara. Muryarsa ta sake, ta zama ta mai koyarwa. Ya nuna inda ya kamata a ce akwai ƙofar wuta, ga shi babu. Ya ce dutsen ma ba na ƙwarai ba ne, ko an ƙyasta ba zai ba da wuta ba. Ƙananan 'yan sanda uku suka taru a bakin ƙofa suna saurare. Jami'in ya tambaya a ina ya koyi wannan, Baba ya ce a wurin mahaifinsa. Mutumin ya faɗi wata magana gajera. Madam Lin ta ce cewa ya yi kakansa ma maƙeri ne, amma na garma.

Wannan bai sauya hukunci ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce tunda mu muka kawo da kanmu, ga rasit, ba za a tuhume mu ba idan masu gwaji suka tabbatar ba sa tashi. Fasfo zai zauna a wurinsu har sakamako ya fito, kwantena kuma kada ta motsa. Bindigogin ba za a mayar ba.

Da na gaya wa Baba, bai yi gardama ba. Ya ce in roƙa masa farar takarda babba da fensir. Jami'in ya ɗaga gira, amma ya sa aka kawo. Baba ya shimfiɗa takardar, ya nuna yana so a ɗora bindiga ɗaya a kai. Aka ɗora. Ya fara bin gefenta da fensir, sai bindigar ta riƙa zamewa. Jami'in ya sa tafin hannunsa ya danne masa ita. Haka suka yi har ya zagaye ta, ya koma ya zana hular tagullar daban, ya auna kaurin ƙotar da yatsu ya rubuta da ajami a gefe. Ya naɗe takardar ya sa a jaka, ya ce, "Na gode." Wannan ban fassara ba, an gane.

Kwana huɗu fasfo ɗinmu ya yi a can. Kwantena ta rasa jirginta, sai na mako mai zuwa. Wayata ba ta huta ba. Mai takalma ya zo ofis sau biyu, ya ce zai kwashe kayansa ya kai wani wuri, na ce ba mai taɓa kwali sai 'yan sanda sun sake mu. Biyu daga cikin mutanenmu ba su sake ba mu kaya ba daga wannan karon, kuma ban ga laifinsu ba su ma.

Ranar da aka mayar mana da fasfo, Baba Isuhu ya bi ni sito ba tare da na neme shi ba. Ya cire babbar rigarsa ya rataye, ya karɓi wuƙa, ya ce zai buɗe sauran kwalayensa arba'in da hannunsa a gaban Madam Lin. Na ce na riga na duba su. Ya ce ya sani. Ana zafi mai ɗauke numfashi irin na garin nan, amma bai zauna ba sai da ya gama. Sannan ya tsaya gaban matar ya ce in gaya mata ya saka ta cikin haɗari a wurin cin abincinta, yana neman gafara. Ita da ba ta da sakin fuska, sai ga ta ta kawo masa kujera da shayi da kanta.

A hanyar komawa na ce, "Baba, ni ma ka yafe mini abin da na yi maka a gidan abinci."

Ya ce, "Aikinka ka yi, ɗana. Da ka ƙyale su sun shiga, da ka ci amanar mutum ashirin da biyar saboda ni. Sai dai da ka kira ni gehe."

Washegari bayan azahar na koma gidan abincin nan. Kusan mutanen ranar ne a zaune, har da wanda ya yi dariya. Na yi sallama, na ce a gabansu na ci mutuncin dattijon nan, a gabansu nake ba shi haƙuri. Na gaya musu shi da bakinsa ya ce a kai kayan wurin hukuma don nasu ya tsira. Sai mai takalma ya matsa ya ba ni wuri a benci. Da yamma na kira Oga na ba shi labarin tun daga farko, na roƙe shi ya janye maganar rabuwa. Ya ce zai duba. Bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tuna masa ba.

Kwantenar kuwa an buɗe ta a tashar jirgin ruwa, an sauke kusan rabinta an duba, aka mayar aka rufe. Ejan ne ya kira ya gaya mana. Na zauna a kan wani kwali ina tunanin abin da zai faru da akwatin nan yana ciki.

Baba Isuhu bai sake zuwa Guangzhou ba. Shekaru sun ja, tafiyar ta yi masa nisa, sai babban ɗansa ya karɓi sayayyar, kuma da mu ya ci gaba. Shi ya gaya mini tsohon ya kai zanen nan wurin maƙera biyu a Maraɗi, kowanne ya ƙera, tsohon ya ce wa kowannensu an yi ƙoƙari amma ba ita ba ce. Ya ce shi dai bai san labarin kakansa da ƙaramar bindigar ba sai bayan dawowar uban daga wannan tafiya, da ya zaunar da su ya faɗa musu. Daga nan ya fara kai shi gona da mota ranar Juma'a. Ya ce sau ɗaya ya gwada harbin, ya kuskure kututturen gaba ɗaya, Baba da abokinsa jandarma suka yi ta yi masa dariya. Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. Allah ya jiƙansa.

Abin da na ɗauka daga wannan, na farko kun riga kun sani: a buɗe kowane kwali, kuma abin da ido ya gani shi hannu zai rubuta, ko na wane ne. Tausayin mutum ɗaya ba ya halatta maka kayan sauran. Idan kuma aka ga abin da bai kamata ba, a je wurin hukuma kafin ta zo, a bar kayan a waje a shiga da bayani.

Na biyun shi ne wanda ba a koya mini ba. A shekarun da na yi ina buɗe kwalaye, da wuya matsala ta fito daga kayan da mutum ya saya don kasuwa. Waɗannan ya san su, ya san dokarsu. Matsala tana fitowa ne daga ɗan abin da ya saya wa kansa ya cusa a tsakiya: maganin da ya ji ana yabo, na'urar da jikansa ya roƙa, wani abin da yake jin nauyin a san yana so. Mafi yawan masu ɓoye irin wannan ba mugaye ba ne, kunya ce ke sa su. Idan ka tona su a gaban jama'a ka kare kwantenarka, amma ka karya mutum a kan abin da ya fi ƙauna.

Shi ya sa tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini kaya, kafin in ɗauki wuƙa nakan ja shi gefe inda ba mai jinmu, in ce, "Alhaji, ban da na kasuwa, akwai abin da ka saya wa kanka?" Za ku yi mamakin yawan waɗanda za su dubi ƙasa, sannan su nuna muku kwalin.